Injin haƙar kirifto a hannun wani: mallaka ce ko cinikin biri a sama?

Wani dare bayan sallar Isha'i ina zaune a dakalin ƙofar gida nan Ƙofar Marusa, an ɗauke wuta kamar kullum, sai ga ɗan yayata. Ya tsuguna ya gaishe ni, aka gama tambayar mutanen gida, bai tashi ba. Sai juya waya yake yi a hannu. Na ce masa in da magana ya faɗa.

"Kawu, so nake in sayar da Napep ɗin nan."

Napep ɗin da yake nufi ita ce abin da ya tsira da shi daga gadon mahaifinsa. Ya ba wani yaro a unguwarsu yana ja, kullum da dare ana kawo masa balas. Na tambaye shi ko ta fara ba da wahala ne, ya ce lafiyarta ƙalau. Sai ya miƙo mini wayar. Bidiyon wani dogon sito ne, an jera akwatunan ƙarfe a kan kantoci tun daga ƙasa har rufi, fitilu suna ƙyafce-ƙyafce, ƙara kamar an kunna injin niƙa ɗari a ɗaki guda. Ya ce injinan haƙar Bitcoin ne, a Habasha suke. Mutum zai sayi guda, ya zama nasa halak malak, kamfani ya ajiye masa, ya ba shi wuta, ya riƙa kula da shi, shi kuwa yana kwance a Katsina kuɗi suna faɗowa wayarsa. Ranar da ya gaji, ya sayar da abinsa. Wani ne a zaurensu na WhatsApp yake dillancin, kuma an ce ranar Juma'a farashi zai tashi.

Na ce, "To a cikin waɗannan wanne ne naka?"

Ya yi dariya. "Haba Kawu, ai duk iri ɗaya ne."

Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na san ba shi kaɗai aka nuna wa bidiyon ba.

Bari in fara wanke kaina. Ba na cikin masu cewa duk abin da aka kira kirifto damfara ne. Da idona na ga yaran da suka samu abin sayen waya lokacin da Notcoin, wani kirifto da ake tarawa ta hanyar dangwalar fuskar waya, ta fashe a 2024, na kuma ga waɗanda suka yi watanni suna dangwalar takwararta Hamster aka sallame su da abin da bai kai kuɗin datarsu ba. Wancan mainin, wato haƙa, na waya, asararsa ba ta wuce data da caji da rashin barci ba. Wannan sabon salon kuwa uwar kuɗi yake ci. Fili ake sayarwa dominsa, da Napep, da gwal ɗin matan gida. Shi ya sa bai kamata a bar shi a matsayin sha'anin yara ba.

Shi injin, gaskiya ne akwai shi a duniya, kuma yana aiki. Kusan duk minti 10 tsarin Bitcoin yana rufe shafi ɗaya na littafin hada-hadarsa, kuma injin da ya riga saura cinkar lambar da ta dace shi ke ɗaukar ladan shafin. Aikin ke nan, cinka, ba dare ba rana. Da yake inji ɗaya zai iya shekaru bai ci ko sau ɗaya ba, masu injina suna haɗuwa kamar 'yan gayya, duk abin da aka samu a raba gwargwadon ƙarfin kowa. Ɗauki wanda ya yi suna, Antminer S19 Pro na kamfanin Bitmain, wanda ya fito a 2020. Yana cinka sau tiriliyan 110 a daƙiƙa guda, yana jan wuta wat 3,250. A yini da kwana yunit 78 ke nan. Tun da aka ƙara kuɗin wuta a Afrilun 2024, 'yan rukunin A, waɗanda aka fi ba wuta, suna biyan sama da naira 200 a kan kowane yunit. Ka buga lissafin da kanka: sama da naira 15,000 a rana, fiye da 460,000 a wata, a kan inji ɗaya tal. Wannan in wutar ta zauna ke nan. Mu da muka kwana fiye da mako a duhu a Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, ba sai an yi mana bayani ba. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da za ta toshe fankokinsa, ga ƙarar da maƙwabci zai kai ka wurin mai unguwa a kanta. Injinan iska na Lambar Rimi ma da aka yi ta yi mana alkawarin megawat 10, mun ga shekarun da suka kwashe suna kallon mu muna kallon su.

Saboda haka kai inji ajiya inda wuta take da araha ba wauta ba ce. Bayan da Chaina ta kori masu haƙa a 2021, injina sun watsu zuwa Texas ta Amurka da Kazakistan, daga baya Habasha ta ja wasu da wutar babbar madatsarta ta kogin Nilu. Manyan 'yan kasuwar harkar ma suna ba da ajiya. Matsalata da kalmomi uku ce da dillali yake furtawa cikin sauƙi kamar yana tallan goro: farashi, naka, sayarwa.

Dillalin ɗan yayata mutum ne mai wayo, ya san da wa yake magana. Ce masa ya yi abin kamar kiwo ne: ka sayi karsana a Charanchi ko Mai'adua, ka damƙa wa Bafulatani, ya kiwata, kana daga gida kana cin moriya. Misalin ya shiga kunne, don duk Bakatsine ya san wannan huldar, ko da yake ɓarayin daji sun rage mata armashi. Amma ka bi misalin har ƙarshensa ka gani. Karsana girma take yi, ta zama saniya, ta haihu, 'yarta ma ta haihu. Ka san rugar, ka san ardon, ka san tabon da ke kunnenta. Ranar da ka ga dama ka hau babur ka je ka kama igiyarta. In kuma komai ya lalace, nama ne, mahauci zai taya. Injin haƙa tun ranar da aka jona shi yake tafiya ƙasa, kuma ba don yana lalacewa ba. Ko da yana nan garau kamar ranar da aka ɓare shi daga kwali, abin da yake kawowa raguwa yake yi, don haka aka gina tsarin.

Abu biyu ne ke cin sa. Na farko, duk bayan kimanin shekara huɗu ana raba ladan kowane shafi gida biyu a jefar da rabi. Da aka fara a 2009 ladan Bitcoin 50 ne. Ya koma 25 a 2012, ya koma 12.5 a 2016, ya koma 6.25 a Mayun 2020, sannan a Afrilun 2024 ya dawo 3.125. Wajen 2028 za a sake rabawa. Wannan ba hasashe ba ne, a rubuce yake tun farko. Na biyu shi ne wanda ba a faɗa wa yaranmu: duk bayan shafi 2,016, wato kusan mako biyu, tsarin yana duba yawan injinan da ke aiki a duniya ya daidaita tsaurin cinkar. In injina sun ƙaru, ya ƙara tsauri. Tuwon bai ƙaru ba, hannuwa ne suke ƙaruwa a akushi. Yanzu abin da ake rabawa duk duniya a rana kusan Bitcoin 450 ne, ko injina goma ne ko miliyan goma.

A ƙarshen 2021, lokacin da Bitcoin ya doshi dala 69,000, S19 Pro yana iya kawo wajen dala 35 a rana, kuma ana sayar da shi sama da dala 10,000 ana rububi. Shekara guda bayan nan Bitcoin ya faɗo wajen dala 16,000, injin nan kuma ya koma ana neman mai saye a ƙasa da dala 2,000. Bai ƙone ba, bai tsufa ba. Kuɗinsa ne kawai ba daga ƙarfensa yake fitowa ba, daga abin da ake tsammanin zai haƙo ne. Ma'ana, lokacin da kowa ke zumuɗi, lokacin da bidiyo ke yawo a zauruka, lokacin ne injin ya fi tsada, kuma lokacin ne talaka ke shigowa.

Mun zauna da yaron nan washegari da biro da takarda. A 2025 ƙarfin injinan duniya gaba ɗaya ya kai matakin da S19 Pro guda bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan tara ba. Rabonsa daga 450 ɗin nan, ko da an ƙaddara Bitcoin yana dala 100,000, bai wuce dala 5 a rana ba. In gidan ajiya yana cajin senti 7 a kan yunit, wanda yana cikin abin da aka saba gani, kuɗin wutarsa dala 5 da rabi ne. Wato kullum sai ka cika daga aljihunka. Muka koma kan sabon samfuri, S21, mai cinka tiriliyan 200 da wat 3,500. Shi zai kawo wajen dala 9, ya sha wutar kusan dala 6, saura 3. Mu ce an sayar maka da shi dala 3,000. Kwana dubu ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo, da sharaɗin kada tsauri ya ƙaru, kada Bitcoin ya faɗi, kada inji ya tsaya, kada a raba lada. Na ƙarshen nan kuwa mun san lokacinsa. Takardar lissafin da dillali ya turo, ɗaukar abin da aka samu a rana mafi kyau ta yi ta ninka sau 365, kamar mai kayan miya da zai lissafa cinikin jajibirin Sallah a matsayin na kullum.

Akwai tambayar da ya kamata kowa ya yi kafin ya tura sisi: in har injin riba yake zubarwa haka, me ya sa mai sito, mai wuta, mai ma'aikata ba zai riƙe abinsa ba, sai ya nemo wani yaro a Katsina ya sayar masa? Amsar da ba ta da zargi a cikinta ita ce yana neman jari. Na yarda. Sai dai duba yadda aka raba nauyin. Ya ci riba a kan injin ranar da ya sayar maka. Yana cin riba a kan wuta kowane wata, don yadda ya saye ta ba haka yake sayar maka ba. Kuɗin girkawa nasa ne, kuɗin gyara nasa ne, sau da yawa har da kuɗin wutar wata ɗaya ko biyu da za ka ajiye a matsayin kafin alƙalami. Duk waɗannan tsayayyu ne, ko Bitcoin ya hau ko ya sauka. Abin da ke rawa, wato farashin Bitcoin da tsaurin cinka da faɗuwar darajar inji, shi aka bar maka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Texas har biyan masu haƙa ake yi su kashe injina idan gari na bukatar wuta. Kamfanin Riot ya ce a Agustan 2023 kaɗai ya samu dala miliyan 31.7 ta wannan hanyar. To idan injinka ne aka kashe a wani sito don a karɓi irin wannan kuɗin, aljihun wa za su shiga? Duba yarjejeniyar ka gani ko an ambace ka.

Yanzu ga kalmar da ta fi damuna, "naka".

Napep ɗin ɗan yayata tana da takardu da sunansa, tana da lambar inji da lambar jiki. Yaron da ke janta, an san gidan ubansa, akwai wanda ya tsaya masa. In ya kwana uku bai kawo balas ba, a je a karɓe makulli. In rigima ta yi tsanani, ga ofishin ƙungiyarsu, ga mai unguwa, ga alƙali, duk tafiyar naira ɗari biyu. Wannan ita ce mallaka kamar yadda muka gada: abin da kake iya zuwa ka ɗauko. Mai inji a sito kuwa, abin da ke hannunsa lambobi ne a fuskar waya, kuma wanda ya karɓi kuɗinsa shi ke rubuta lambobin.

Kada a ce na cika zargi. An yi a gaban idon duniya. Wani kamfani a Amurka, GAW Miners, ya sayar wa mutane rabon ƙarfin haƙa a 2014, ya sayar da fiye da abin da yake da shi nesa ba kusa ba, yana biyan na farko da kuɗin na baya. Shugabansa Josh Garza ya ƙare a gidan yari. HashFlare na ƙasar Istoniya ya fi wannan girma. Ya karɓi sama da dala miliyan 570 daga mutane a faɗin duniya, shafinsa yana nuna wa kowa ribarsa tana hawa, alhali masu gabatar da ƙara na Amurka sun ce ainihin haƙar da yake yi ba ta kai kashi 1 cikin 100 na abin da ya yi iƙirari ba. An kama masu shi biyu a 2022, suka amsa laifi a 2025. Duk wanda ya saka kuɗi a can, shi ma an nuna masa hoton sito.

Amma ka ajiye 'yan damfara gefe. Abin da ya fi koya mini darasi shi ne abin da ya faru da waɗanda injinansu na gaske ne, da lamba da komai. Kamfanin Compass Mining na Amurka yana sayar wa ɗaiɗaikun mutane injina ya ajiye musu a wurare daban-daban, ciki har da sitocin wani kamfani mai suna BitRiver a Saiberiya ta Rasha. A Afrilun 2022 gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa BitRiver takunkumi saboda yaƙin Yukren. Dare ɗaya injina na kimanin dala miliyan 30 suka maƙale, masu su ba su iya haƙa da su, ba su iya ɗauko su. Ba wanda ya yi musu ƙarya. Rikicin manya ne da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A watan Satumba na shekarar, Compute North, ɗaya daga manyan gidajen ajiya, ya karye ya nufi kotu. A Disamba Core Scientific, wanda ya fi shi girma, ya bi sahu. A farkon 2023 Core ɗin ya kashe injina sama da 37,000 na kamfanin Celsius da ke ajiye a wurinsa, kan rigimar kuɗin wuta. Mai inji dubu talatin da bakwai, da rundunar lauyoyi, an sauke masa layi. Ina ga mai guda ɗaya da ke Ƙofar Marusa, wanda ko fasfo bai da shi?

Idan gidan ajiya ya karye, masu bin sa bashi ne ke layi, bankuna a gaba. Kafin ka fitar da injinka sai ka tabbatar wa kotun wata ƙasa, da yarenta da lauyanta, cewa wannan akwatin mai lamba kaza ba ya cikin dukiyar kamfani. In ba a taɓa ba ka lambar ba, ka zama mai bin bashi kawai, a can ƙarshen layi. Ko lafiya lau ake, yawancin yarjejeniyoyin nan sun ba mai sito damar riƙe injin, har ya sayar, idan ka yi jinkirin biyan kuɗin wuta. Suna ba shi damar ƙara kuɗin wutar, da mayar da injin wani gari. Kuma sau da yawa wanda ya sayar maka ba shi ne mai sito ba, shi ma haya yake. Mai sito kuma ba shi ne mai wuta ba. Tsakaninka da abinka akwai hannu uku ko huɗu, ko wanne ya saki, kai ne a ƙasa.

Abin da ke ba ni mamaki, wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a garin nan. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya kai babin ciniki a Risala ya ji ta. An hana cinikin garari, irin sayar da kifi yana cikin kogi ko raƙumin da ya tsere. An halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma aka ce kada a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a karɓa, sai in wurin yana kusa, ko abin yana cikin waɗanda ba a tsoron canzawarsu, kamar gida ko gona ko itace. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa ba. Amma ka auna injin nan da wannan ma'auni: yana nesa iyakar nisa, darajarsa tana canzawa duk mako biyu, kuma sai ka biya duka kafin a jona. Malamanmu sun daɗe suna kai-komo a kan ko kirifto halal ne ko haram, kamar dai abu ɗaya ne. Ina roƙonsu su sauko daga wannan babbar tambaya su karɓi takardar yarjejeniya guda, a fassara musu, su bi ta sharaɗi bayan sharaɗi. A nan ne ilmin da suke da shi zai fi yi wa mutane amfani.

Sai batun "in ka gaji ka sayar". Wa zai saya? Napep in ka kai ta bakin kasuwa, kafin la'asar dillalai sun taya, kai ne ma za ka riƙa cewa albarka. Injin da ke sito a wata ƙasa, kasuwarsa yawanci a shafin kamfanin da ya sayar maka take. Shi ke da rumfar, shi ke karɓar la'ada, kuma yana da sababbin injina da yake son ya sayar wa mai sayen da kake jira. Ranar da za ka so sayarwa ita ce ranar da injin ya daina biyan kuɗin wutarsa, ranar kuwa kowa ma so yake ya sayar. In ka ce a turo maka abinka gida, sai ka biya sauran bashin wuta, da kuɗin cirewa, da na jirgi na akwati mai kilo 13 ko fiye, da na kwastan, don ka karɓi abin da ba za ka iya kunnawa ba. Kuma ba ya wani aikin. Lokacin da Ethereum, wani kirifton daban, ta daina amfani da haƙa a Satumban 2022, masu haƙarta sun yi kuka, amma aƙalla katunan da suke amfani da su suna shiga kwamfutar masu wasanni da masu zane. Injin Bitcoin lissafi iri ɗaya tak aka ƙera shi ya yi. S9 da ya yi tashe daga 2016, yau a mafi yawan wurare sai dai a ɗora a sikelin 'yan jari-bola.

Ɗan yayata ba wawa ba ne, kuma hujjarsa tana da nauyi. Ya ce, "Kawu, dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023, cikin shekara guda ta haura 1,500. Balas ɗin da ake kawo mini naira ne, kullum ƙanƙancewa yake yi. Ga fetur, ga kayan gyara. Ni abin da zai riƙa kawo dala nake so." Ban iya ƙaryata shi ba. Yaro ya gama makaranta ba aiki, ya ga kuɗinsa na narkewa a hannu, dole ya nemi mafita. Kuma akwai gidajen ajiya masu amana, akwai waɗanda suka sayi inji lokacin da ya yi kwantai suka ci riba da kasuwa ta farfaɗo. Sai dai waɗannan galibi masu injina ɗaruruwa ne, masu iya hawa jirgi su je su ƙirga kayansu, masu jarin da za su jure shekara guda ta faɗuwa. Abin da na ce masa shi ne: in imaninka Bitcoin zai tashi, ai shi kansa ana sayar da shi, tun Disamban 2023 ma Babban Banki ya janye hanin da ya yi wa bankuna a 2021. Ka saya gwargwadon abin da za ka iya jure asararsa, ka riƙe makullinsa, wato lambar sirrin lalitarka ta intanet, da kanka. Zai iya faɗuwa, ba shakka, amma ba ya shan wuta, ba ya tsufa, ba wanda zai riƙe maka shi a bakin bashi. Ban ce ya yi hakan ba. Cewa na yi, a cikin kasada biyu, guda ta fi guda yawan ƙofofin asara.

Abin da nake ganin ya rataya a wuyan hukuma ba mai wahala ba ne. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta shigar da kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar da ke lura da kasuwar hannun jari, ta kuma tanadi ɗauri ga masu tsarin a-karɓi-na-baya-a-biya-na-gaba. Wata guda bayan nan manhajar zuba jari ta CBEX ta rufe da kuɗin jama'a, kamar yadda MMM ta yi a ƙarshen 2016, sannan aka fara gudun kama mutane. Wanda ya ce ka kawo kuɗi, shi zai yi aikin, kai ka jira riba, jari yake tarawa, ko ya kira abin sayar da inji ko ya kira shi kiwo. A tilasta masa rajista. A tilasta masa bai wa mai saye lambar injinsa kafin biya, da sunan sito da garin da yake, da damar mai inji ya juya haƙarsa kai tsaye zuwa lalitarsa ba sai ta bi ta hannun kamfani ba, da farashin fitar da inji a rubuce. Kamfanin da ke Habasha ko Dubai ya fi ƙarfin hannun Abuja, na sani. Amma dillalinsa yana nan cikinmu, muna sallar Juma'a tare. A kasuwar shanu dillali shi ke tsayawa in aka ce saniyar sata ce. Ba ya cin la'ada ya ce bai san komai ba. Ban ga dalilin da zai sa dillalin WhatsApp ya fi shi gata ba.

Muka rubuta wa dillalin tambayoyi biyar, yaron ya tura masa. Lambar injin. Sunan mai sito. Ko kuɗin wuta zai iya canzawa. Nawa ne in ana son a fitar da inji. Kotun wace ƙasa ce in an saɓa. Ya amsa ta uku, ya ce ba ya canzawa "sai in an samu dalili". Lamba kuwa, ya ce sai bayan an biya ake bayarwa. Sauran ukun bai taɓa su ba, sai ya turo sabon bidiyo, wannan karon da wani Bature sanye da hular kwano yana ɗaga babban yatsa, ya kuma ce saboda mutunci an ɗaga ƙarin farashin zuwa Juma'a ta sama.

Napep ɗin tana nan, jiya ma na gan ta ta sauke fasinja a Ƙofar Ƙaura. Yaron bai sayar ba tukuna. Bai kuma fita daga zauren ba, kuma mahaifiyarsa ta ce mini abokansa biyu sun riga sun tura nasu.